Rugar Kawu Hamidu a Gindin Tsamiya

Kakana Malam Jibirin, mahaifin mahaifiyata, malamin firamare ne tun yana saurayi har ya yi ritaya. Ya koyar a Ruwan Gizo, ya koyar a Bakura, ya ƙare a nan Talata Mafara yana hedimasta. Yanzu tsufa ya kama shi, a zaure yake yini da rediyo a kunne. In na zo wucewa sai ya ce, "Amarya, yau ma ba a dafa da ni ba?" ni kuma in ce masa ba na auren mai furfura. Bai tara dukiya ba, bai riƙe sarauta ba. Amma a danginmu shi ne na farko da ya hau jirgin sama ba don aikin Hajji ba, kuma saura ƙiris jirgin ya tashi ba shi. Na ji labarin daga bakinsa, na ji daga bakin kakata Zuwaira. Inda suka saɓa nata na ɗauka, don shi yakan ƙara gishiri.

A shekarun da ake gina madatsar ruwa ta Bakolori ne, lokacin muna cikin Jihar Sakkwato. Gari ya cika da tifofi da Turawan Italiya masu gajeren wando. Ana haƙa hanyoyin ruwa ta tsakiyar gonaki, a can bayan madatsar kuwa ruwa na hawa yana cin fadamu, mutane na tashi suna neman sabon mazauni. Dangin da a da ake zagaye su da ƙafa a bakin gulbi duk suka watsu.

Ana cikin haka aka kawo wani shiri na musayar malamai da wata kwaleji a Ingila. Za a ɗauki malamai daga nan su yi shekara guda a can suna ƙaro ilimin koyarwa, ci da kwana da jirgi duk a wuyan masu shirin, su kuma malaman can su zo nan su koyar. Kakana ya je Sakkwato ya yi jarrabawa, aka yi masa tambayoyi baki da baki, ya dace. Aka ce motar ma'aikatar ilimi za ta biyo ta Mafara ranar Talata kafin azahar, ta wuce da su Kano inda za su hau jirgi. Wanda ba a tarar a bakin titi ba, akwai wani malami da ke jiran gurbinsa.

Ya zo da murna ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, Inna Taibatu, ya gaya mata. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ka yi wa Hamidu bankwana?"

Kawu Hamidu yayanta ne, makiyayi. Shi ya riƙe kakana bayan rasuwar mahaifinsa, shi ne kuma ya kai shi makarantar boko a Bakura, lokacin da kowa ke ɓoye ɗansa. A gidanmu kuwa al'ada ce mai ƙarfi: mai doguwar tafiya shi ke takawa har gidan babbansa, ya yi sallama, ya durƙusa, ya nemi gafara da izini. Ba a aike, ba a tarar babba a hanya a ce an yi.

"Inna, ai Kawu ya tashi daga bakin gulbi, ba wanda ya san inda shanunsa sunka nufa."

"To ka neme shi. Ni na haihe ka, shi ya rene ka. In ya ce tahi, na ce tahi. In bai ce ba, Ingila ba ta gudu."

Kakana ya san in Inna ta rantse ba ta sakewa, shi kuma ba mutumin da zai taka jirgi ba da yardar uwa ba ne. Sai ya ɗauki hutu, ya hau kekensa.

Ya fara da tsohuwar rugar a wajen Maradun. Ya tarar ruwa ya kai har inda turakun maruƙa suke, wani mutum ma na jefa birgin kamun kifi a wurin. Aka ce masa sun yi Damaga. A Damaga aka ce ai sun kwana biyu da tashi, ya gwada Gidan Goga. Ko'ina kuwa akwai dangi, kuma ba a shiga garin dangi a fita ba gaisuwa. Duk gidan da ya ce zai tafi ƙasar Turawa, sai a yi salati, a tausaya masa, a shiga ɗaki a fito da guzuri, don kowa ya tabbata ba zai sami abin ci a can ba. Wata gwaggo ta ba shi dakuwa, wata man shanu a kwalba, wani ya ba shi kilishi, wani garin yaji. Wata tsohuwa a Gidan Goga ta ɗaure masa zakara mai rai a bayan keke, ta ce kada ya ci yankan da bai san wanda ya yi ba. A nan ne aka ce masa Kawu ya juya da shanu can gaba da Bakura.

Lokaci ya ƙure. Ranar Talata da hantsi ya shigo Mafara yana tura keke, don kaya sun hana shi hawa, zakara na cara a bayansa cikin 'yan kasuwa. Kakata ta ce ta hango shi daga ƙofar gida, fuskar nan kamar wanda ya dawo daga jana'iza. Ya riga ya gama shawara a ransa cewa zai je bakin titi ya ce wa direba su wuce.

Yana shiga zaure sai ga Kawu Hamidu zaune a kan buzunsa yana shan fura, karsana ɗaure a ƙofar gida. Ashe wani direban tifa mai suna Maiwada, da ke sayen nono a rugarsu, shi ya ba shi labari. Kawu ya bar shanu hannun 'ya'yansa, ya jawo karsanar da za a yi sadakar tafiya da ita, ya tako da ƙafa.

Kakana ya jefar da keke ya zube zai fara gaisuwa. Sai muryar Inna daga cikin gida: "Jibirin, mi kake yi?"

"Bankwana, Inna. Ga Kawu Allah ya kawo shi."

"Wanga gidan wa ne?"

Kafin ya buɗe baki Inna ta ba kanta amsa.

"Gidanka ne. Shi ya zo maka, ba kai ka je mashi ba. Ban ga ƙafarka a ƙofarsa ba."

Kawu ya ajiye ludayi ya ce, "Taibatu, har yanzu kan nan naki bai yi laushi ba? Tun kina yarinya jaki ma ya san ki."

"Yaya, kai ka koya mani al'adar. Ran da zan bi mijina Gusau, ba ka sa na tako har rugarka da ciki ba?"

Kawu ya ce wannan gaskiya ne. Ya sha sauran furarsa bai yi sauri ba, ya goge gemu. Sannan ya miƙe, ya naɗe buzu, ya saɓa sanda, ya kwance karsana ya fita. Kakata ta ce ta ɗauka fushi ya yi. Suka bi shi da ido. Ya tsallaka sabuwar hanyar ruwa da aka haƙa a bayan gidajenmu, ya isa gindin wata tsamiya da ake hangowa daga ƙofar gida, ya ɗaure karsana a saiwa, ya shimfiɗa buzu, ya zauna ya miƙe ƙafa.

Inna ta yafa mayafi ta fito ta tsaya a bakin ruwan. "Yaya, wannan kuma mi ke nan?"

"Gidana. Tun da anka haihe ki, kin taɓa ganina da wani gida in ba inda na ɗaure saniya ba?"

Inna ta dubi saniyar, ta dubi yayanta. Kakata ta rantse ta ga bakinta na rawa tana danne dariya. "Gida ba hayaƙi?" in ji ta.

Kakata ba ta jira ba. Tana da cikin mahaifiyata a lokacin, amma da gudu-gudu ta ɗebo garwashi a kasko da 'yan karare, ta tsallaka ta hura wuta, ta ɗora buta. Hayaƙi ya tashi. Daidai nan aka ji hon ɗin motar ma'aikata daga bakin titi.

Kakana ya tako, ya tsaya nesa kaɗan ya tuɓe takalmi. "Salamu alaikum."

Kawu ya yi kamar bai gan shi ba sai da ya sake sallama. "Wa alaikumus salam. A'a, Jibirin ne? Maraba, maraba. Kun sha hanya. Ina gajiya?"

"Ba gajiya, Kawu."

"Ina mutanen Mafara? Kun baro su lahiya? Ina Taibatu, tana nan da rigimarta?"

"Tana gaishe ka, Kawu."

Kawu ya tambayi lafiyar Zuwaira, wadda ke tsugune kusa da shi tana fifita wuta. Ya tambayi 'yan makaranta, ya tambayi damina, ya tambayi keke. Mota na ta hon, gumi na zuba wa kakana, Kawu bai tsallake gaisuwa ko ɗaya ba. Sai da ya ƙare sannan ya ce, "To, mi ke tahe da kai?"

Kakana ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi gafara. A nan wasa ya bar fuskar Kawu. Ya ce, "Ka je wurin tsohuwar ruga?"

"Na je. Ruwa ya cinye."

"Nan na rene ka. Masu madatsa sunka zo da takardu sunka auna, ba mu da ko mutum guda da zai karanta muna abin da anka rubuta. Ka tahi ka ƙaro. Amma ka dawo, Jibirin, ka koya ma yaran nan. Ban kai ka Bakura don Turawa su samu malami ba." Ya tofa addu'a a tafin hannu ya shafa masa a ka. "Na yahe maka duniya da lahira. Tahi."

Daga tsallaken ruwa Inna ta ce, "Na ce tahi." Sannan ta juya da sauri ta shige gida, don kada a ga idonta.

Kakana ya isa bakin titi direba ya riga ya tayar da mota. Aka jefa akwatinsa a baya, da kilishi da dakuwa. Zakara dai direba ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba zai shiga motar gwamnati ba, shi ya sa aka yanka shi ranar sunan mahaifiyata, wadda aka haifa yana can, ake kiranta Baturiya har yau.

Ya dawo bayan shekara da kwat mai nauyi wadda bai sake sawa ba, da wata ɗabi'a ta fitar da yara daga aji su je bakin hanyar ruwa su auna, su zana, su rubuta abin da suka gani. Ya sami damar komawa birni ya ƙi. 'Ya'yan makiyaya da yawa a hannunsa suka koyi karatu, har da jikokin Kawu Hamidu.

Tsamiyar tana nan, gidaje sun kewaye ta, amma mu Rugar Kawu muke ce mata. Bara da yayana Tukur ya sami tallafin karatu zuwa Masar, ya shigo zaure zai yi bankwana, bai tarar da kowa ba sai rediyo. Kakata ta nuna masa hanya da baki. Tsohon yana can gindin tsamiya a kan tabarma, ya aro akuyar maƙwabta ya ɗaure, ya sa an hura masa wuta, yana jira a yi masa sallama.