Ladi da Ƙasar Gidan Hajiya

Tun kafin Ladi ta shigo gidanmu nake tsoron kafet ɗin nan. 'Yata Amira ta fara rarrafe, duk abin da hannunta ya taɓa sai baki, ɗakinmu kuma da ke bayan titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa, ko'ina kafet ne har bakin ƙofa. A kansa nake shimfiɗa sallaya, a kansa 'yata take wuni. Nakan durƙusa in shinshina shi ko ba abin da ya zube.

Ladi kyanwa ce, tsohuwa tukuf, ta Hajiya Binta. Hajiya ce ta yi mini wankan jego da na haihu a garin da ba ni da kowa. Da ɓarin jikinta ya shanye aka kai ta gidan kula da tsofaffi, can kuwa ba a shiga da dabba. Ta kama ni da hannun da yake motsi ta ce, "'Yata, ki riƙe mini Ladi." Na ce to. Me zan ce?

Fitsari dai tana yi a robar yashi lafiya lau. Kashi kuwa sai bakin ƙofa, a kan kafet, ko yunƙurin rufewa ba ta yi. Ta gama, ta koma gefe ta zauna tana kallon ƙofa. Na canza yashi, na yanke gefen robar don kada hawa ya yi mata wuya. Likitan dabbobi ya ce cikinta ƙalau, tsufa ne da baƙunta. Ranar da na cafke hannun Amira saura ƙiris ta dumbuza, zama na yi a ƙasa, sai ga Iya ta faɗo mini a rai.

Iya kakata ce, mahaifiyar babanmu. Bayan isha, in an sauke tuwo, ba ta bari a kashe wutar murhu. Sai ta jawo tabarma, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta. Fuskokinmu da ɗumi, bayanmu da sanyi, hayaƙi yana bin wanda ya ga dama. Ni kullum ina liƙe da cinyarta, shi ya sa take ce mini Sarkin Tsoro.

"Ga ta nan tafe, wa zai tare ta?"

"Mu ne, Iya!"

"Ku ɗin? Ku da ko dankali ba ku iya jira ya nuna ba?"

Wata tatsuniya da ta cika maimaitawa ta kyanwa ce. Wai wata tsohuwa ta rasu ta bar kyanwarta, jikanyarta ta sa ta a kwando ta tafi da ita garin da take aure. An ba ta nono, an ba ta kan kifi, ta ci. Amma kullum sai ta yi kashi a ƙofar zaure ta bar shi a fili. Aka dake ta, aka ɗaure ta, a banza. Yarinyar ta tsuguna ta ce, "Kyanwar kakata, me na yi miki?" Kyanwa ta ce, "Ba ki yi mini komai ba. Ƙasar nan ce ba ta san ni ba, ina zan ba ta asirina?" A nan Iya takan ƙanƙance murya har mu fashe da dariya. Sai yarinyar ta taka har ƙauyensu, ta ɗebo ƙasar ɗakin kakarta a ƙwarya ta zuba a bayan gida. Kyanwa ta tona, ta yi, ta binne. Aka yi ta murna. Sannu a hankali ƙasar ta ƙare. Da yarinyar ta koma ɗebo wata, ta tarar an rushe ɗakin an shuka dawa a wurin.

"Sai me ya faru, Iya?"

"Sai me? Ƙasa ta ƙare, ni ma na ƙare. Sarkin Tsoro, tono mana dankalin nan."

Haushi muke ji. Muna ganin rowar ƙarshen labari take yi mana.

To, ni dai abin da na sani ke nan, shi na yi. Na goya Amira na hau bas zuwa unguwar Glenwood, tsohon gidan Hajiya. 'Yan makaranta ne a ciki yanzu, kekuna jingine a baranda. Wata yarinya ta fito, na yi mata bayani da ɗan Turancina, ta yi murmushi ta nuna mini bayan gida. Da cokalin miya na haƙi ƙasa a gindin bishiyar da Ladi take kwanciya, na cika leda.

Da na zuba a robar, Ladi ta zo ta daɗe tana shinshinawa. Ta shiga. Sai ta juya, ta kwanta a kan ƙasar, ta ɗora haɓa a ƙafafunta. Nan ta wuni. Da asuba na tarar da kashi a bakin ƙofa.

Baban Amira ya dawo daga aikin dare ya same ni da bokiti da buroshi.

"Maman Amira, har jar ƙasa kika kawo mana ɗaki? Saura ki ɗebo mata Hajiyar."

"Da zai yiwu ai da na ɗebo."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Na yi haƙuri, kin gani. Amma 'yarmu a nan take rarrafe, a nan muke salla. Ranar Asabar zan kai ta shelta."

Shelta gidan ajiye dabbobi ne. Masu zuwa ɗauka ƙanana suke so, kowa ya sani. Ban yi masa musu ba, don gaskiyarsa ce.

Tun ranar nake tuna wani abu da ban taɓa haɗawa da tatsuniyar ba. Bayan rasuwar kakanmu aka ɗauko Iya daga ƙauye aka kawo ta gidanmu a birni. An yi mata ɗaki mai siminti, an saya mata akwati. Har ta rasu ba ta sa ko zane ɗaya a akwatin ba. Kayanta suna ƙulle a ƙunshi, a bakin ƙofa. Mu muna dariyar muryar kyanwa, ita tana kallon wuta. Ashe ba rowa ta yi mana ba, iyakar abin da ta sani ke nan. Kuma ba wanda ya taɓa ɗebo mata ko tafin hannu na ƙasar ɗakinta.

Duk zuwana duba Hajiya, abin da take fara tambaya shi ne, "Ladi ta saba?" Nakan ce tana cin abinci. In Asabar ta wuce, ban san abin da zan ce mata ba.

Don Allah, in akwai mai gida da fili, ko a can bayan gari Pleasant Garden ne, wanda ba shi da yaro mai rarrafe, ya karɓi Ladi. Ba ta yakushi, ba ta sata, abinci mai laushi take ci. Ba zan ce muku za ta daina ba, ina jin ba za ta daina ba. Ku neme ni a wajen mata bayan sallar Juma'a, ku ce Maman Amira. Zan haɗa muku da robarta da ragowar ƙasar.