An Rage Wa Murhu Ci

A layin masu gyara, ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, akwai wani ɗan shago da ba ya ɗaukar mutum biyu sai ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. A nan Mai Rediyo ya ƙarar da samartakarsa da tsakiyar shekarunsa, cikin warin dalma da ƙurar tsofaffin akwatuna. Abokan sana'a Kunne suke ce masa, domin kafin ka ajiye rediyonka a tebur, in dai tana magana, ya riga ya gaya maka inda ciwonta yake.

A wannan shagon ya haɗu da matarsa. Tela ce, tana ɗinki a bayan layin, ta kawo rediyon mahaifinta da ke shaƙewa. Gyaran bai kai na shan ruwa ba, amma ya ce ta dawo jibi. Ta dawo, ya ce saura kaɗan. A zuwa na uku ta tsaya a bakin ƙofa ta dube shi sama da ƙasa.

"Malam, wai rediyon ce ba ta da lafiya, ko kuwa mai gyaran?"

Ya miƙa mata rediyon da hannu biyu. Shekara ba ta zagayo ba aka yi aurensu. Har suka tsufa Tela yake kiranta, ita kuma Malam.

Shekarar da autarsu ta fara tafiya ya haɗa abin da ya fi alfahari da shi a duniya, wato amfilifaya na gida, wanda ke ƙara wa sauti ƙarfi kafin ya isa sifika. Da gawarwakin kayan da masu su suka haƙura da su ya haɗa shi: tiransifoma daga nan, tiransistoci daga can, da wasu faffaɗan ƙarafa masu haƙora kamar matsefi a gefe da gefe don su sha zafi. Irin wanda masu sana'ar ke kira aji A ne. Sauran amfilifaya suna jan wuta gwargwadon ƙarar da aka nema, in waƙa ta yi shiru su ma su huta. Wannan kuwa bai san hutu ba. Da zarar an kunna shi wuta ke bi ta cikinsa ba tsayawa, ana kiɗa ko ba a yi, kamar famfon da aka manta a buɗe. Abin da bai zama sauti ba sai ya zama zafi.

Amma fa sautin! Mai Rediyo yakan ce tunda tiransiston ba ya barci, ba ya fitar da murya da magagi. In ya sa faifan wata tsohuwar mawaƙiya da yake so, kana jin lokacin da take jan numfashi, kana jin yatsan mai jita yana zamewa a kan tsirkiya.

Tela ba ta taɓa yaba shi ba. Murhu ta raɗa masa, sunan kuma ya bi shi. Da damina takan shanya safar yara a kan ƙarafan gefensa, shi kuma ya yi ta faɗa yana kwashewa.

"To mene ne amfaninsa in ba wannan ba?" takan ce. "Ai ko ƙwai aka fasa a kai zai soyu."

Duk da haka, kullum da la'asar in ya dawo daga shago ya kunna, ƙafarta a kan keken ɗinki takan sauya taku ta bi kiɗan. Shi kuma yana lura da hakan.

Haka shekaru suka yi ta tafiya. Yara suka girma suka watse. Mutane suka daina kawo gyara, abu in ya lalace sai a jefar a sayi wani. Aka sayar da benen, Mai Rediyo ya kwaso teburinsa da mitarsa ta auna wuta da ƙarfen narka dalma ya jera su a lungun falo. Tela kuma ciwon suga ya kama ta, har likita ya ɗora ta a kan allurar da dole a ajiye ta cikin sanyi. Wutar unguwar kuwa ba ta da alkawari, ta zo yau ta yi tafiyarta sai ta ga dama.

Auta, wadda yanzu take aiki a kantin magani, ita da mijinta suka sa musu farantin sola a kan rufi, da batir guda, da inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida, da ɗan ƙaramin firji. Wanda ya haɗa ya yi musu kashedi: firji, fanka, ƙwan fitila, shi ke nan. In batir ya kusa ƙarewa inbata zai yi ta kuka, sai a rage kaya. Mai Rediyo ya gyaɗa kai. A ransa bai sa Murhu cikin manyan kaya ba. Abin da ka reno da hannunka ba ka ganin cinsa.

Wata rana hadari ya rufe sama tun safe, rana ba ta leƙo ba, wutar gari ma babu. Tela ta tafi kai ɗinki. Shi kuma ya kunna Murhu ya jingina a kujera, faifai na ƙarewa yana sa wani. Bai ankara ba sai ya ji komai ya ɗauke, waƙa da fanka gaba ɗaya. Ya zaci na ɗan lokaci ne, ya zauna yana jira har barci ya sace shi.

Taɓa kafaɗarsa da aka yi ne ya tashe shi. Tela ce tsaye, ko mayafi ba ta cire ba. Ruwa na ɗiga daga ƙasan firji yana bin siminti.

"Malam, tun yaushe ya mutu? Ba ka ji inbata na kuka ba?"

"Bai yi kuka ba," ya ce.

Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta fasa. Ta buɗe firjin ta taɓa kwalaben, ta ce alhamdulillahi da sauran sanyi, ta naɗe su a jiƙaƙƙen tawul ta kai gidan maƙwabta masu janareto. Ba a yi asarar komai ba, ba ta kuma ɗaga masa murya ba. Amma kafin ta dawo ya ɗauko mitarsa ya auna, washegari da batir ya farfaɗo ya sake aunawa. Murhu shi kaɗai yana cin abin da firji da fanka ke ci har ya zarce. Ya zare wayarsa daga bango, ya naɗe ta a hankali, ya nemo wani tsohon zane ya lulluɓe shi.

Gidan ya yi tsit. La'asar ta zo ta wuce ba abin da ake ji sai keken ɗinki. Mai Rediyo ya koma zaman ƙofar gida yana kallon masu wucewa, abinci ma sai ya tsakura ya ture. Auta ta zo ta ga zanen, ta ce, "Baba, akwai wasu 'yan ƙanana yanzu kamar akwatin ashana, ba sa cin wuta ko kaɗan. In kawo maka?" Ya ce Allah ya yi mata albarka, ta bar shi kawai.

Ran nan Tela ta tsayar da kekenta a tsakiyar ɗinki.

"Malam, buɗe Murhun nan."

"Kin ga abin da ya yi mana."

"Na gani. Amma ɗinkina ya daina miƙewa, dubi bakin rigar nan. Ni ban saba aiki a maƙabarta ba."

"Cinsa ya yi yawa, Tela. Ba zan haɗa shi da maganinki ba."

"To ka rage masa ci mana! Ni da likita ya rage mini, mutuwa na yi?"

Ya yi dariya, karo na farko a 'yan kwanakin. Shekara da shekaru abokan sana'a na ba shi wannan shawarar yana musu kallon marasa kunne. Ya san hanyar sarai. A cikin akwatin akwai wani ɗan noti da ake murzawa da bakin sukudireba, shi ke ƙayyade yawan wutar da ke gudana ko ba a kiɗa. In ka sassauta shi ci ya ragu, zafi ya ragu. Amma in ka wuce gona, murya ta fara tsagewa, musamman inda mawaƙi ya ɗaga ta.

Da safe, rana na dukan farantin sola, ya kwance murfin. Ya fara da tiransifoma, ya mayar da waya zuwa bakin da ke ba da wuta mai sauƙi. Sannan ya maƙala mita, ya sa faifan mawaƙiyar nan, ya soma murza notin kaɗan-kaɗan. Allurar mita ta sauka, ya kasa kunne, bai ji wani bambanci ba. Ya ƙara, shiru. Ya ƙara sosai har allurar ta kusa kwanciya, murya na nan garau a kunnensa. Murna ta fara kama shi, har da ɗan jin haushin kansa na wutar da ya yi ta ƙonawa a banza.

"Wai me ya sami matar nan?" Tela ta ce daga kan keke, ba ta ko ɗago ba. "Kamar ta haɗiyi yashi."

Hannunsa ya tsaya. Ya mayar da notin inda yake da.

"Yanzu fa?"

"Yauwa, ta warke."

Ya sake saukar da shi ba tare da ya gaya mata ba. Nan take ta yamutsa fuska. Shi kuwa duka biyun ɗaya ya ji su. Ya ajiye sukudireba a tebur a hankali, ya zauna yana kallon hannuwansa.

"Tela, ranar nan... inbatan ya yi kuka ko?"

Ta tashi daga keken ta jawo kujera kusa da shi.

"Ya yi, Malam. Maƙwabta ma sun ji."

"Tun yaushe kika sani?"

"An daɗe. Buta na fito a kan wuta ba ka ji. Jikokinka in sun yi maka magana da 'yar siririyar muryarsu sai ka yi murmushi kawai. Masu kauri kana ji, sirara ne suka gudu."

"Ba ki faɗa ba."

"In faɗa in ce me? Mutumin da duk gari ke ce wa Kunne?" Ta ɗora hannunta a bayan nasa. "Nawa biyu suna nan lafiya lau, suga bai taɓa su ba. Ɗauki abinka ka murza, ni zan gaya maka."

Ya goge idonsa da bakin riga, ya ce hayaƙin dalma ne, alhali ƙarfen ma bai kunna ba. Ta ce ai ta sani, dalmar nan mugun hayaƙi gare ta.

Haka suka yi aikin. Ta zauna tsakiyar falo ta rufe ido, shi yana murzawa. "Ƙara... ƙara... tsaya, ta fara mura. Koma baya kaɗan." Su sauya faifai, su sake. Ita ba ta san sunan komai a cikin akwatin ba, amma takan ce nan ganga ta yi laushi kamar an jiƙa ta, can sarewa na soka mata kunne, shi kuma nan da nan ya gane abin da take nufi. Sai da suka kwana biyu suna wannan kafin su tsaya a inda ta ce, "Nan. Kar ka ƙara, kar ka rage." Ya duba mita: cin ya faɗi ƙasa da rabi. Ya ɗora tafinsa a kan ƙarfen gefe, ya bar shi a wurin, ɗumi kawai.

Abin da aka rasa shi ne ƙarfi. In aka ɗaga ƙara ta cika falo kamar da, muryar sai ta tsage. Mai Rediyo ya tono wasu manyan sifiku masu shara-sharan takarda da ya ciro daga wata tsohuwar garmaho, irin waɗanda wuta kaɗan ke motsawa. Ya kai wa Kafinta, tsohon amininsa na bakin layi, ya ce ya yi musu akwatuna masu faɗin ciki. Suka yi ta musu a kan kaurin katako kamar za su rabu, a ƙarshe aka yi yadda Kafinta ya ce. Ya kuma ƙara wani maɓalli a bayan Murhu: in wutar gari ta zo a ɗaga shi sama ya ci ya ƙoshi, in batir ne a sauke shi ƙasa. Kukan inbata kuwa ya haɗa shi da jan ƙwan fitila a saman teburinsa, yadda ido zai gani.

Auta ta kai shi asibiti aka auna kunnen. Ya dawo da 'yar na'ura a bayan kunnensa, yana ƙorafin wanda ya haɗa ta bai san sauti ba. Amma yana sawa, musamman in jikoki sun zo.

Ranar da aka jera sababbin akwatunan Kafinta ya zo jin aikinsa. Ya zauna can bakin ƙofa ya harɗe ƙafa, aka sa faifai.

"Kai, da daɗi," ya ce. "Amma ɗan ƙara mana, ba na ji sosai."

"Iyakarsa ke nan," in ji Tela. "Mai son ji ya matso."

Kafinta ya jawo kujerarsa, bai ji yadda yake so ba, ya sake jawowa, har gwiwarsa ta kusa taɓa ta amininsa. Su uku suka zauna a ɗan wuri ɗaya gaban akwatunan, fanka na juyawa a samansu. Da faifan ya ƙare Kafinta ya ce a maimaita. Tela ta ce sai in zai gyara mata ƙafar teburin yanka da ya yi mata alkawari tun bara. Ya ce gobe da sassafe. Mai Rediyo ya tashi ya juya faifan.