Ranar da Faransancina Ya Ƙare

Aji uku na yi a boko, aka mai da ni rumfar ƙusa da kwaɗo a Kasuwar Kilomita Biyar. Amma shekara biyu cur, duk mai son takarda zuwa ofishin magajin gari wurina yake zuwa. Har suna aka sa mini: Musye Sakatare. Ban hana ba.

Asirin kuwa, 'yata da ke aure a Duwala ce ta aiko mini da kwamfuta, tana biya mini wata manhaja duk shekara. Sai in zuba mata Faransancina na 'yan dako, ita kuma ta yi masa wanka, ta sa masa kwat.

Wata safiya maƙwabciyata, Hajiya mai atamfa, ta zo. Kwalbati ya toshe, ruwan sama na shiga mata rumfa, tana son takarda yau-yau. Na gyara hula, na buɗe kwamfuta. Sai ga wani jan rubutu, wai wa'adina ya cika. Tsofaffin takardu suna nan, in karanta in more, amma ko ɗigo ba zan ƙara ba. Na buga wa 'yar tawa waya. Ta ce, "Baba, ai na soke. Na ɗauka karta kawai kake yi da ita."

Ka ji ɗiyar zamani.

Na ce, "Hajiya, yau Faransanci na hutu."

Ta ce, "Alhaji, atamfata ba ta hutu. Rubuta."

Na so in ce ciwon ido, amma na ga gefen zanenta a jiƙe. Na ɗauki biro. Inda Faransanci ya ƙi, na cusa Sango, yaren garin. Inda Sango ya ƙi, na zana kwalbatin, har da ruwan.

Da la'asar ta dawo, majalisarmu ta gaban rumfa cike.

"Sun karɓa, za su turo masu yasa. Sai da takardar ta zaga ofis uku ana dariya. Babbansu ya ce in tambaya, wai Sakatare ba shi da lafiya ne?"

"Me kika ce?"

"Na ce ƙalau kake, yau ne dai ka rubuta da kanka."

Mai shayi ya ƙware da shayinsa.

An yashe kwalbatin, ba na ƙarya. Kuma har yau ana ce mini Sakatare, sai dai in sun faɗa sukan ɗan dubi juna. Ni kuwa ina amsawa da ƙarfi.