Shekara tara da rasuwar Idi Mai Faci, wanda ya sa aka ja jinina

Bana shekara tara ke nan da muka kai Idi Mai Faci makwancinsa a Gumel. Ni Bala ne, dillalin awaki. Karatuna na boko ya tsaya a aji biyu, ranar da malami ya nemi bulala ni kuma na nemi taga. Don haka duk inda kuka ga rubutun nan ya karkace, hannuna ne.

Idi facin taya yake yi a bakin tasha. Matarsa ta farko ta rasu wajen haihuwa, ana neman jini ba a samu ba, alhali garin cike yake da maza masu cinye tuwo malmala uku. Bai yi surutu a kai ba. Bayan arba'in ya fara bin mu ɗaya-ɗaya, mahauta, direbobi, masu shayi, har ya haɗa ƙungiyar masu ba da jini. Ya sa aka gwada kowa a asibiti, ya rubuta sunayenmu da gawayi a bangon rumfarsa. Nawa ya zana akuya a gefe don in gane. Aka ce jinina irin wanda ba a cika samu ba ne. Na yi ta tinƙaho da wannan a majalisa, domin a zatona ba za a taɓa zuwa nema ba.

Aka zo kuwa. Wata Alhamis ina tsakiyar ciniki a kasuwar Maigatari, sai ga Idi a kan babur. Ya ce an kawo Talatu matar Sani asibiti daga Ɗanzomo, ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, kuma a duk bangon nan ni kaɗai na dace da ita.

Gaskiyar magana tsoron allura nake yi. Amma namiji ba ya faɗin haka a gaban 'yan kasuwa, sai na lalubo fatawa. A lokacin ɗana Musa yana neman Hadiza, babbar 'yar Talatu.

Na ce, "Idi, ka yi tunani. Nono ma kurɓa kaɗan yake haramta aure, balle jini leda guda. In na ba ta, ta zama 'yata, Hadiza ta zama jikata. Ka ga na kashe auren yaro."

Ya ce, "Hau babur, Shehi."

Bai kai ni asibiti kai tsaye ba, ya tsaya da ni a tsangayar Malam Garba da ke kan hanya, ya ce in maimaita. Na maimaita, murya ta ɗan ragu. Malam ya ce shayarwa ce ke haramta aure, ba da jini ba ya haramta komai. Sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Bala, shekara nawa ina kiran ka ka zo ka gyara Fatiha ba ka zo ba? Yau da aka ce allura ka zama mai bincike."

A asibiti Idi ya riƙe min hannu ɗaya, ɗayan aka soka. Na ga ledar tana cika, na ce masa ya gaya wa iyalina su yafe min. Abin da na sani ke nan. Na farka yana yi min fifita da hulata, yana dariya har da hawaye. Talatu ta tashi. Musa ya auri Hadiza bayan kaka, 'ya'yansu huɗu yanzu. Har yau in Talatu ta gan ni sai ta durƙusa ta ce, "Baba, ina wuni," don ta tsokane ni.

Nakan tambayi kaina me Idi zai ce da ya leƙo yau. Rumfar an rushe ta, bangon ya tafi da akuyata. Sunayen sun koma cikin waya. Matasa ke riƙe da ƙungiyar, sun kai ta Gagarawa da Sule Tankarkar, kuma akwai mata a ciki, abin da mu ba mu ko yi tunaninsa ba. Saƙo ɗaya ake turawa, kafin a ɗaura wa akuya igiya mutum uku sun isa. Wannan zai yi masa daɗi. Abin da na san ba zai so ba shi ne hoto. Yanzu wani ba ya miƙa hannu sai an saita masa waya yana murmushi. Idi ko wanda aka ba jinin ba ya so ya san na wane ne, sai dai in irina aka samu, mai bakin da ba ya rufuwa. Kuma har yanzu akwai magidantan da za su tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa su ce su ba su da isasshen jini. Su zai ɗora a babur.

Ciwonsa na ajali bai daɗe ba. Da labari ya bazu an kwantar da shi, kafin azahar mun cika harabar asibiti, kowa ya naɗe hannun riga. Likita ya fito ya ce ciwon Idi ba na jini ba ne, babu abin da ledarmu za ta yi masa. Muka yi tsaye, ba wanda ya sauke hannun rigarsa. Can wani mahauci ya ce, tunda mun zo, a ɗiba a ajiye wa wasu. Aka ɗiba har ledoji suka ƙare. Washegari Idi ya cika.

Yanzu sun ce na tsufa, ba sa karɓar nawa. Aikin da suka bar min shi ne zama kusa da sabon shiga. In na ga ƙato yana zufa yana lalubo dalili, sai in kama masa ɗaya hannun in ce, "Kwantar da hankalinka, ni har wasiyya na bari, ga ni ina cin goro." Yadda Idi ya riƙe nawa, haka nake riƙe nasu. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa.