Shekara Biyar da Na Zabge

Edita, lokacin da abin nan ya faru ni matashi ne a Kwarbai, cikin birnin Zariya, ɗan gidan malamai amma hankalina kaf yana filin ƙwallo. Lamba biyar nake bugawa, wato tsaron baya, kuma ba yabon kai ba, ɗan gaba in ya hango ni sai ya sake shawara. Shekaruna ashirin da huɗu cif. Sai dai a fili kowa ya san akwai shekarun haihuwa, akwai kuma shekarun ƙwallo, wato ka zabge huɗu ko biyar don a ce yaro ne mai tasowa. Mu a wurinmu wannan ba ƙarya ba ce, wai dabara ce.

Ana nan sai kocinmu ya zo da wani Bature dattijo ɗan ƙasar Romaniya, yana ɗan ɗingishi. Wani malamin jami'a daga unguwar Kongo ta nan Zariya ne ke yi mana tafinta, a bakinsa muka ji tarihin mutumin. Ɗan ƙauye ne, ya fara da ƙwallon tsumma kamar mu, ya tsare baya a manyan kulob na ƙasarsu har gwiwa ta ci amanarsa. Ya koma koci, daga baya ya zama ejan mai nema wa 'yan wasa kulob. Wallahi ban taɓa ganin mai girmama sana'arsa irinsa ba. Kafin kowa ya iso yana fili yana tsince duwatsu da hannunsa. Da an kira la'asar shi zai fara hura usur, ya koma gefe ya jira mu idar. A sati biyu ya koya mini tsayuwar da na shekara goma ban iya ba.

Ranar da ya ware ni gefe ya tambayi shekaruna, ko ƙifta ido ban yi ba na ce sha tara. Ya dube ni ya dubi gemuna da na aske da safe, ya ce in sake tunani, domin yana da gurbin yara yana da na manya, gaskiya kawai yake so. Ni kuwa uban 'yan wayo na ɗauka tarko ne, na maimaita masa sha tara. Ya rubuta.

Ashe ƙa'idarsa ce ba ya tafiya da ɗan kowa sai ya gaida iyayensa. Ya zo zaurenmu, ya tuɓe takalmi ba wanda ya gaya masa, ya zauna a tabarma duk da gwiwar nan. Ganin yadda yake sha'awar littattafai, Baba ya ji daɗi, ya ɗauko wani tsohon littafinsa mai bangon fata. A cikin bangon nan Baba ke rubuta haihuwar kowane ɗansa da ajami, rana da wata da shekarar Hijira. Ya nuna layina da yatsa cikin alfahari, ya ce ga ranar da Allah ya ba shi ni. Tafinta ya karanta, ya lissafa da yatsu, ya dube ni. Baturen ya nemi ya faɗa, ya faɗa. Kai, na so ƙasa ta tsage in shige! Da Baba ya gane abin da na yi bai yi faɗa ba, ya rufe littafin a hankali ya tura wa baƙonsa kwanon fura. Da ma marina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Baturen bai tozarta ni a gaban mahaifina ba. Sai da muka taka har wajen Ƙofar Galadima ya gaya mini cewa wani kulob a ƙasarsu ya roƙe shi mai tsaron baya wanda ya nuna, ɗan ashirin da 'yan kai, kuma tun ranar farko ni ya zaɓa musu. Shi ya sa ya tambaye ni har sau biyu. Na roƙe shi, na haɗa shi da Allah, na yi kuka da gemuna. Ya ce tun da gwiwa ta tafi sunansa kaɗai ya rage masa, ba zai ɗora shi kan wanda ya dubi idonsa ya yi masa ƙarya sau biyu ba. Ya zaro ɗan littafin da yake zana atisaye a ciki ya ba ni, ya ce ina karanta wasa, in gwada koyarwa. Na ji haushinsa a lokacin, amma yau ba mutumin da nake ganin girmansa a harkar nan kamarsa.

Yanzu ni ne koci a filin nan, da littafinsa nake aiki har ya yi laushi. Duk wanda ya zo mini, zauren gidansu nake fara zuwa kafin in ba shi riga. 'Yan'uwana masu buga ƙwallo, don Allah ku bar shekarunku yadda Allah ya rubuta su, kada wani ya ruɗe ku wai kowa ma haka yake yi. Ramin ƙarya ƙurarre ne. An zo har ƙofar gidanmu neman ɗan shekara ashirin da huɗu, ni da bakina na ce ba ya nan.