Hannun Auta

Ta haura arba'in, amma har yau Auta ake ce mata, a gida da wurin aiki. A ɗakin wanki na wani otal take, can ƙarƙashin bene, inda injuna ke ruri tun safe, tururin guga na dafa mutum da ransa. Shekara da shekaru tana ninke zannuwan gadon matafiya, ita kuwa ko bakin iyaka ba ta taɓa gani ba.

Innarta kurma ce, haka aka haife ta. 'Ya'ya huɗu ta haifa, amma Auta kaɗai ta zauna ta koyi maganar hannu sosai. Sauran sun tsaya a "ci abinci", "kwanta", "ga magani", su a ganinsu sun sauke nauyi. Inna takan tara zancen yini guda a cikinta, ta zauna a bakin gado tana jira. Auta na cire takalmi za a fara: matar Yaya ta zabga gishiri a miya, maƙwabciya ta yi sabon ciki, gwiwa ta hana ta sakat.

Wannan hannun ne ya jawo mata tafiyar. Shugabar wata ƙungiyar 'yan sa kai ta gan ta a asibiti tana yi wa Inna tafinta, ta biyo ta har bakin ƙofa. Ta ce suna kai mutane wata ƙasa, makarantar kurame, su taya malamai aiki na mako biyu. Masauki da abinci na ƙungiya, kuɗin jirgi na mutum.

"Maganar hannunsu ta ɗan bambanta da taku," in ji shugabar, "amma mai hannu irin naki ba za ta sha wuya ba. Don marasa lokaci irinmu aka tsara shi."

Hutun Auta na shekara mako biyu ne cif, kuma duk shekara a wankin labulen gida yake ƙarewa. Abin ya shiga ranta ya zauna. Ta ƙuntata wa kanta, ta daina hawa mota zuwa aiki, har ta yi fasfo. Ta ɓoye shi a ƙarƙashin katifa kamar kayan sata.

Da ta gaya wa Yaya, babban wansu, sai ya bugi ƙirji. "Ki tafi abinki! Mu ba 'ya'yanta ba ne? Koya mini kawai."

Ta zaunar da shi. Bawan Allah yana wurga hannu kamar mai korar ƙuda, ya ce "barka da asuba", Inna ta miƙa masa maficinta. Daga zama na uku taro ya fara yi masa yawa a ofis.

Matarsa ce ta kawo dabara. "Auta, duniya ta ci gaba fa. Ki riƙa kiranta ta bidiyo, ku yi ta hirarku."

Auta ta so ta yarda, har ga Allah ta so. Suka gwada ranar da ba ta aiki. Ta shiga kicin da wayarta, matar Yaya ta riƙe wa Inna ɗayar a ɗaki. Auta ta jingina wayar da tukunya, ta ɗaga hannu biyu ta gaishe ta.

Inna ta ƙanƙance ido. Ta matso da fuska har hancinta ya taɓa gilashin, ta ja baya, ta sake matsowa. Yanar ido ta daɗe da fara rufe mata gani, Auta ta san da haka. Ai tun bara Inna ta koma ɗora tafukanta a kan hannun Auta in suna magana, tana bin zancen da yatsu. Auta ta sani sarai, ƙin tunawa ta yi.

Sai ta ga Inna ta ture wayar. Can ta ji tafiyarta a baranda, tana lalube da bango, har ta iso kicin ta cafki hannunta.

Babu wanda zai iya gaya wa Inna zancen tafiyar sai Auta, don babu mai bakin faɗa. Nan a tsaye, tsakanin murhu da ƙofa, ta zayyana mata komai a cikin tafukanta: jirgi, wata ƙasa, yara kurame, mako biyu.

Inna ta bi zancen da yatsu har ƙarshe. Sannan ta ɗaga hannun dama ta ce: "Je ki. Yaran suna bukata." Hannun hagu kuwa yana damƙe da wuyan hannun Auta, bai saki ba. Auta ta jira ya saki, ta jira har ruwan da ke kan wuta ya ƙone.

Washegari ta kira shugabar daga bayan injin wanki, inda hayaniya za ta rufe muryarta, ta ce ba za ta samu zuwa ba.

"Kayya! To ba komai," in ji matar. "Sai lokacin da kika samu sarari. Ko baɗi?"

Auta ta buɗe baki za ta ce in Allah Ya yarda, sai ta fasa. Ta san abu ɗaya tak da zai ba ta wannan sararin: rasuwar Inna. Zuciyarta ta riga ta lissafa shi kafin ta hana ta, kuma ta tsani kanta saboda haka.

Hutu ya zo, ta sauke labulen gida ta jiƙa. Inna na zaune kusa da baho, tana jiran hannun Auta ya bushe.