Shayin da Na Aika Gaya

Ina cikin shagona a Yamai, wajen ƙarfe goma na safe, ina nuna wa wani mai babur bambancin sarƙa mai kyau da ta jabu, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanwata ce daga Gaya. Ba ta gaishe ni ba, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce in yi haƙuri, Inna ta rasu yanzun nan a asibiti, kwananta biyu a kwance, kuma Innar ce da kanta ta hana a sanar da ni don kada in bar sana'ata in taso. Na ce wa mai babur ɗin ya dawo wani lokaci, na rufe shago na nufi tasha. Kafin motarmu ta kai Dosso an riga an kai ta makwancinta.

Ni ne ɗan farin Inna. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal, wato makarantar boko, ba, don haka masu karatu su yi mini uzuri in maganata ba ta jeru ba. A lokacin na daɗe a Yamai ina sayar da kayan babur, Allah ya rufa mini asiri, na yi iyali, na yi tumbi, na kuma yi wani irin girman kai wanda ban gane shi ba sai daga baya. Abin da na fi tsoro a duniya shi ne a ce a gida, ɗan wance yana Yamai yana cin daɗi amma bai kula da uwarsa. Duk abin da zan faɗa a nan daga wannan tsoron ya fito.

Inna 'yar Tunuga ce, aure ya kawo ta Gaya. Bayan rasuwar mahaifinmu da kaskon suya ta rene mu. Tana soya kifi da fari masa kusa da inda kamyo, manyan motocin kaya, ke yin layi kafin su haye gada zuwa Malanbil, daga safe har la'asar tana zaune a kan kujera 'yar tsugunno, hayaƙi a ido, mai a hannu. Kusan shekara talatin a haka. Jikinta ya yi nauyi sosai, mu kuma muna murna, domin a wurinmu ƙibar uwa shaida ce ta cewa 'ya'yanta sun tashi. Sai gwiwoyi suka fara, sannan tansiyo, wato hawan jini, sannan aka ce sukari ya shiga. Ta kai ga ba ta iya yin salla sai a zaune. Ƙanwata, wadda ke aure a wata unguwa tana kuma leƙo ta kullum da rana, ita ta kai ta wurin majo, wato babban ma'aikacin asibitin unguwarsu. Ya ba ta maganin tansiyo, ya ce amma maganin ba zai yi aiki shi kaɗai ba. Ta rage mai da gishiri da magi, ta bar zuba sukari a fura da koko, ta riƙa cin ganye, kuma kowace safiya ta taka ƙasa gwargwadon ƙarfinta.

Mutane da yawa ana faɗa musu haka su ce to, su koma gida su ci gaba da abin da suka saba. Inna ba ta yi haka ba. Ta bar wa wata 'yar ɗan'uwanta kaskon suya. Ta koma cin kwaɗon zogale, wanda Zabarmawa ke ce wa kopto, da kifi dafaffe, da tuwon dawa ɗan daidai. Matar da ta yi shekara talatin tana soya wa gari kifi ta koyi cinsa babu mai, ba ta kuma yi ƙorafi ba. Tafiyar ce ta fi wuya, domin a garinmu babbar mace ba ta fita haka kawai ba tare da inda za ta ba. Sai ta yi dabara, ta riƙa ɗora kwarya a kai bayan sallar asuba, ta bi hanyar lambuna ta wajen kogi, ta sayo ganye a hannun masu lambu ta dawo. Ranar farko, in ji ƙanwata, ba ta wuce bakin masallacin unguwa ba ta zauna tana haki. Bayan wata biyu tana kaiwa har gindin giginyun da ke bayan fadamun shinkafa. Na zo gida da ƙaramar salla na ga zanenta ya fara yi mata yawa, fuskarta ta washe, amma ban tsaya na tambayi yadda take ji ba. Abin da na gani kawai shi ne uwata ta rame.

Bayan na koma Yamai wani direban kamyo ɗan unguwarmu ya biyo shagona sayen kaya. A gaban maƙwabtana ya ce wai shi bai san Alhajin Yamai ya karye ba, ga tsohuwa can kullum da sassafe tana sharar hanya da ƙafa, kwarya a kai, kamar wadda ba ta haifi namiji ba. Ya ce in kuɗin kabu-kabu ne ya gagara in faɗa, 'yan unguwa za su yi karo-karo. Wasa yake yi, kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Amma maganar ta zauna mini a ƙirji kwana da kwanaki.

A lokacin ni kaina ina shan wani shayin rage ƙiba da wani maƙwabcina a kasuwa ke sayarwa. A jikin kwalin akwai hoton mace mai jiki da kuma hoton siririya, rubutun kuwa da wani harshe ne da ba na iya karantawa. Yana sa mutum zawo da yawan fitsari, mai sayarwar ya ce ai kitsen ne ke narkewa yana fita. Cikin mako biyu na hau sikelin masu auna buhu na ga nauyina ya ragu, na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Sai na ga ai na samu hanyar da za ta raba ni da abin kunya: Inna ta samu abin da majo yake so ba tare da ta fita titi ba. Na sayi kwali biyu na ba direban motar fasinja, na ce ya damƙa mata hannu da hannu. Sannan na kira ta. Na ce mata wannan tafiyar tana zubar mini da mutunci, mutane suna magana, ta zauna a gida ta huta, ga magani na zamani na aiko wanda zai yi mata aikin wata shida cikin mako biyu. Na yi magana mai tsawo, har da cewa majo na ƙauye bai san abin da ake ciki a birni ba.

Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san yadda uwa take da ɗan fari. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, in za ta ambace ni sai ta ce na Yamai. Ba ta zama ta yi doguwar hira da ni, ba ta kuma taɓa musa mini magana ido da ido ba. Ta saurare ni har na gama, ta ce to, Allah ya yi albarka. Ni kuwa na ɗauki wannan to ɗin a matsayin yarda. Na san kunyar da ke tsakaninmu, na girma a cikinta, amma ranar na yi kamar ban sani ba domin amsar ta yi mini daɗi. Da ƙanwata ce ta faɗi abin da na faɗa, da Inna ta wanke ta tas ta kuma ɗauki kwaryarta. Ni ne kaɗai mutumin da ba za ta iya ce wa a'a ba, kuma ni na nema.

Wata uku aka yi a haka, cikin tsananin zafin bazara. Na ƙara aika kwali biyu. In na kira na tambayi jiki sai ta ce alhamdu lillahi, ta tambayi yara, ta ce a gaishe da uwarsu. Ban taɓa jin wani abu a muryarta ba, ko kuma ban saurara ba.

A zaman makoki ne na fara sanin matar da na hana fita. Rana ta biyu wasu mata su shida suka shigo yi mana gaisuwa tare, ƙanwata ta ce abokan tafiyar Inna ne. Ashe ba ita kaɗai take zuwa ba, ɗaya bayan ɗaya ta jawo su, wannan mai ciwon ƙafa, waccan mai tansiyo. Babbarsu, wata tsohuwa mai yawan barkwanci, ta ce masunta har suna suka sa musu, wai sojan asuba, Inna kuma ita ce kwamanda. In mai kabu-kabu ya tsaya ya ce Inna hau in kai ki kyauta, sai ta ce masa ya wuce, ita kitsen shekara talatin take kaiwa kogi tana zubarwa cokali-cokali, in ta hau babur ai da shi za ta dawo. Matan suka yi dariya suna share hawaye. Sai tsohuwar ta dube ni ta ce, ɗana, ko ka san ranar da uwarka ta fi kowace rana farin ciki? Ta ce wata safiya Inna ta iske su tana murmushi, ta ce musu yau ta sa goshinta a ƙasa, ta yi sujada irin ta kowa bayan shekara huɗu tana salla a zaune. Wai har goro ta raba musu. Ban taɓa jin wannan labari ba sai ranar. Tsohuwar ta ƙara da cewa abin da ya ba su tausayi shi ne yadda ciwon gwiwar ya dawo mata rana ɗaya, domin haka Inna ta ce musu lokacin da ta bar fitowa. Sun yi ta biyowa suna kiranta, tana cewa su je, ƙafa ta ƙi. Kafin wata biyu ta koma salla a zaune.

Na san ciwon gwiwa bai dawo ba a lokacin.

Kafin in koma na je wurin majo. Mutum ne mai natsuwa, bai san ni ba sai da na ce ni ɗan wance ne. Ya ce a duk waɗanda yake dubawa bai ga mai bin magana kamar Inna ba, har misali yake yi da ita ga sauran. Tansiyonta ya sauka, sukarin ya daidaita, har yana shirin rage mata magani, sai ta ɓace masa. Da aka kawo ta jikinta ya bushe, ƙodarta ta gaza, ƙanwata kuma ta nuna masa kwalin shayin da Inna ke sha. Ya ce irin wannan shayi ruwan jiki yake fitarwa, sikeli ya nuna an ragu alhali kitsen yana nan, ga mai shekaru kuma mai shan maganin tansiyo, cikin irin zafin Gaya, abin yana da haɗari ƙwarai. Bai ce shayin ne ya kashe ta ba. Ya ce shi ba zai rantse ba, kwana in ya ƙare ya ƙare, amma da ta ci gaba da abin da take yi da bai yi zaton ganinta a kan gadon nan da wuri haka ba. Ya ce ya tambaye ta inda ta samo shi, ta ce ita ta saya da kanta a kasuwar Malanbil.

Haka ta faɗa wa ƙanwata ma tun ranar da ta fara ganin kwalin a ɗakinta. Sun yi ta rigima a kai, ƙanwata tana cewa ta zubar, Inna tana cewa a bar ta da abinta. Tana kwance tana jin jiki, an tambaye ta sau biyu, ba ta ambaci na Yamai ba. Bayan addu'ar bakwai ƙanwata ta haye gada ta yini tana zagaya rumfunan masu magani da kwalin a hannu, wai tana so ta ga fuskar wanda ya sayar wa tsohuwa mai tansiyo wannan abu, ba don faɗa ba, don ta faɗa masa abin da ya faru kada ya sake. Ta dawo da yamma ƙafafunta duk ƙura, ta zauna kusa da ni ta ce ba ta same shi ba. Na ce ta yi haƙuri.

Na bar shan shayin tun a Gaya. Nauyin da na yi zaton ya tafi ya dawo cikin 'yan makonni, har da ƙari. Yanzu ina fita da safe in taka bakin kogi a nan Yamai, matata tana yi mini kwaɗo, na bar lemon kwalba. Abin yana tafiya a hankali ƙwarai, wata rana ƙafa ta ƙi, wata rana zuciya ta ƙi, kuma a nan ne nake gane irin ƙarfin halin da Inna ta yi, tana da shekaru da ciwo da idon mutane a kanta. Ni da nake namiji a birnin da babu wanda ya damu da ni, sau nawa na fasa.

Abin da nake roƙon masu karatu shi ne kada ku ba kowa maganin rage ƙiba da ba ku san abin da ke cikinsa ba, balle tsoho ko mai ciwo, ku fara kai kwalin wurin ma'aikacin lafiya ya gani. In kun ga iyayenku sun kama hanyar tafiya da gyaran abinci, ku bar su, ko mutane za su yi magana. Masu maganar ba sa nan ranar da za a ɗauko gawa. Ku kuma 'ya'yan fari, in uwa ta ce muku to, ku aika wanda take iya yi wa musu ya tambayo muku gaskiyar abin da take so.

Ina yi wa Inna addu'a kowace salla, na kuma nemi gafarar Allah. Ƙanwata har yanzu tana ajiye da kwalin, tana zaton wani baƙo ne a Malanbil ya sayar wa Inna. Sau uku ina zuwa Gaya da niyyar in zaunar da ita in faɗa mata, kuma har yau ban faɗa ba.